Rayuwa Ba Mota: Yadda Za Ka Saba da Bas da Keke Mataki-Mataki

Ranar farko da na fita ba makullin mota, har sau biyu ina laluben aljihu a bakin ƙofa, don hannu ya riga ya saba. Ina isa matsayar bas na hango bayanta tana shan kwana, ta wuce ni da 'yan daƙiƙu. Na yi tsaye fiye da minti ashirin kafin wata ta zo, na isa wurin aiki a makare, raina a ɓace, ina ta ayyana cewa wannan rayuwa ba mai yiwuwa ba ce. Sai bayan makonni na gane inda na yi kuskure. Na ajiye motar, amma ɗabi'ar mai mota tana nan tare da ni: in tashi sa'ad da na ga dama, in kwashi kaya ba lissafi, in fita sau uku a yini kan abin da fita ɗaya za ta isar.

Babban abin da mota ke yi wa mai ita shi ne ɗauke masa nauyin shiri. Bas da keke kuwa sai an shirya musu. Wanda ya yi wannan shiri a farko, cikin wata ɗaya ko biyu abin zai zame masa jiki har ya daina tunaninsa. Wanda ya ƙi, zai sha wahala ya koma neman mota yana cewa ai ya gwada. Wannan jagora ta shirin ce.

Mataki na farko: rubuta duk fitar da kake yi

Kada ka sayar da mota tukuna, kada ma ka sayi keke. Ka samu ƙaramin littafi, ka yi mako biyu kana rubuta kowace fita: ina ka je, ƙarfe nawa, kilomita nawa, me ka ɗauko, da wa kuka tafi. Har fitar da kake ganin ba ta kai a rubuta ba, irin ta sayen abu ɗaya a kusa, ita ma ka sa ta.

Bayan mako biyu ka zauna ka raba su kashi uku. Duk abin da bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba na ƙafa ne, domin mai lafiya yana cin kusan kilomita 5 a awa, wato tafiyar minti 20 ke nan. Daga nan zuwa kilomita 7 ko 8 na keke ne. Mai tuƙi a natse, ba tare da haki ba, yana yin kilomita 15 a awa, don haka kilomita 5 minti 20 ce. Abin da ya fi haka na bas ne, ko na keke da bas a haɗe. Za a samu ragowar da ba su shiga ko'ina ba, kamar ɗaukar kaya mai nauyi ko kai mara lafiya asibiti. Ka zagaye su da biro, za mu dawo kansu.

Yawancin masu yin wannan rubutu suna mamakin abu biyu: yawan gajerun tafiye-tafiyensu, da kuma yadda wurare huɗu ko biyar kaɗai suke ta maimaituwa. Aikinka ya ragu ke nan. Hanyoyi biyar za ka ƙware a kansu, ba dukan gari ba.

Mataki na biyu: lissafa abin da mota ke ci

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma a yi shi da gaskiya. Mutane kan lissafa mai su tsaya. Ka haɗa da inshora, sabunta takardu, juyen baƙin mai, tayoyi, batir, kuɗin bakanike, kuɗin ajiye mota, sannan faɗuwar darajarta, wato bambancin abin da ka saye ta da abin da za ta yi idan ka kai ta kasuwa yau. Ka raba jimillar shekara gida goma sha biyu. Wannan adadin ka riƙe shi, domin daga cikinsa za ka biya kuɗin bas, da keke, da tasi a ranar da ta zama dole. Donald Shoup, masanin tsara birane a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ya yi fice da lissafin cewa motar gida tana shafe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye. Ka duba littafinka ka ga awa nawa taka take motsi a yini.

Mataki na uku: koyon bas

A nan na fi so in daɗe, saboda a nan mutane suka fi karaya.

Abin da ya fi muhimmanci game da kowace hanyar bas shi ne tazarar da ke tsakanin wata da wata. Idan tana zuwa kowane minti 10, ka fito duk lokacin da ka so, matsakaicin jiranka minti 5 ne, ba ka bukatar duba jadawali. Idan kuwa sai kowane minti 40 take zuwa, fitowa da ka ba tare da duba lokaci ba tana nufin matsakaicin jira na minti 20, wani lokaci ma kusan 40 cur. Saboda haka hanyar da ke da bas a kai a kai ta fi wadda ke bi ta ƙofar gidanka amma jefi-jefi. Masu tsara sufuri kan ɗauki mita 400, tafiyar minti 5, a matsayin nisan da mutum zai taka zuwa matsaya ba tare da ƙorafi ba. Ni shawarata ka yarda ka ninka wannan. Taka minti 10 zuwa babban titi inda bas ba ta yankewa ya fi tsayuwar rabin awa a lungu.

Ka binciki ko garinku yana da bas mai layinta na musamman, wadda cunkoso ba ya tsayar da ita. Birnin Kuritiba na Birazil ya buɗe irin wannan tsari a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, Bogota ta Kolambiya ta buɗe nata mai suna TransMilenio a ƙarshen shekarar 2000, daga nan birane da dama a duniya suka kwaikwaya. Inda akwai irin wannan, ita ce ƙashin bayan tafiyarka. Sauran hanyoyin duk rassa ne da za su kai ka gare ta.

Sai samun bayani. A birane da yawa manhajar Google Maps tana nuna lambar bas da lokacinta, abin da ya samo asali a 2005 lokacin da aka fara gwada shi da bayanan hukumar sufuri ta birnin Portland a Amurka. Wasu kamfanonin bas suna da tasu manhajar da ke nuna inda motar take a daidai lokacin. Inda babu ko ɗaya, fasinjojin da ke bin hanyar kullum su ne jadawalinka. Ka tambayi wanda ka ga yana tsaye da jakar aiki da sassafe, zai gaya maka wace ce ke cika tun daga tasha, wace ce ke da wurin zama, da lokacin da suke yin wuya. Matambayi ba ya ɓata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka dogara da wata hanya don zuwa aiki, ka bi ta a ranar da ba ka da gaggawa, daga ƙofar gida zuwa ƙofar wurin aiki, da agogo a hannu. Ka lura da gefen titin da ake tsayawa, domin matsayar komawa ba lallai ta kasance daura da ta zuwa ba, musamman inda titi hannu ɗaya ne. Ka san yadda ake biya: kati ne, waya ce, ko tsabar kuɗi, kuma ko ana ba da canji. Ka san yadda ake sanar da direba za a sauka. Sannan ka sake bin hanyar a ranar aiki da safe, don bas ɗin ranar hutu da ta lokacin cunkoso ba ɗaya suke ba.

Akwai wani abu da zai ba ka haushi idan ba ka san dalilinsa ba: ka daɗe kana jira, sai bas biyu ko uku su iso a jere. Abin da ke faruwa shi ne, idan ta gaba ta ɗan makara, fasinjoji sun taru da yawa a kowace matsaya, sai ta ƙara ɓata lokaci wajen ɗibarsu. Ta bayanta kuma tana tarar da matsaya wayam, sai ta yi ta gudu har ta cim mata. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne, idan ta farko ta zo maƙil kuma ka hango wata a bayanta, bar ta farkon ta wuce. Ta biyun kusan kullum da wurin zama.

Canjin bas a tsakiyar hanya shi ne inda lokaci ke zubewa. Idan dole ne, ka tsara yadda za ka fara da wadda ba ta zuwa da yawa, ka ƙare da mai zuwa a kai a kai. Ta farkon kana iya daidaita fitowarka da ita daga gida, ta biyun kuma ba za ta sa ka jira ba. Abu na ƙarshe, ka haddace lokacin bas ɗin ƙarshe ta dare a hanyar gidanku kamar yadda ka haddace lambar wayarka.

Lokacin da kake zaune a bas naka ne. Wannan ya ɗauke ni lokaci kafin in ga darajarsa. Minti 35 da hannunka da idonka suke a sake, ka yi karatu, ka amsa saƙonni, ko ka rufe ido ka huta, ba daidai suke da minti 25 na riƙe sitiyari cikin cunkoso ba.

Mataki na huɗu: zaɓen keke

Siffar keken da muke hawa yau, mai tayoyi biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, ta fito ne a 1885 daga hannun John Kemp Starley a birnin Koventiri na Ingila, sannan John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska a 1888. Tun daga lokacin asalin abin bai canza ba, shi ya sa kusan ko'ina ake samun mai gyaransa.

Kana neman keken aiki, wanda za ka zauna a kai a miƙe kana ganin titi sosai. Keken tsere mai siririyar taya da na hawan dutse mai manyan haƙora kowanne da inda ya dace. Na zirga-zirgar gari yana son taya matsakaiciya, da madigadi gaba da baya don kada taɓo ya yi maka zane a gadon baya, da kariya ta ɗora kaya, da murfin sarƙa idan kana sa tufafi masu tsawo. Idan garinku shimfiɗaɗɗe ne, giya ɗaya ko uku ta isa. Idan akwai hawa da gangara, nemi mai giya bakwai zuwa sama. Tsohon keke mai ƙwari ya fi sabo mai rahusa wanda birkinsa zai saki cikin wata biyu, araha ba ta ado. In za ka sayi na hannu, ka duba ƙarfen jikinsa ko da tsaga, musamman wuraren walda, ka ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana rawa.

Girman keke ya dace da tsawonka. Ka tsaya da shi a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, ya zama akwai 'yar rata tsakaninka da ƙarfen sama. Tsayin sirdi kuma ga yadda ake gane shi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Idan ka koma takawa da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, daidai ke nan. Yawancin sababbin mahaya suna sauke sirdi ƙasa sosai don tsoron faɗuwa, sai ciwon gwiwa ya biyo baya su ce keke bai karɓe su ba.

Wanda nisansa ya yi yawa, ko shekaru suka ja, ko hawan tudu ya yi masa yawa, ya duba keke mai batir. A ƙasashen Tarayyar Turai, wanda injinsa bai wuce wat 250 ba kuma taimakonsa ke yankewa a kilomita 25 a awa ana ɗaukarsa keke ne kawai. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ka duba ta inda kake kafin ka saya.

Kayan da ba a tafiya sai da su: fitila fara a gaba, ja a baya, ƙararrawa, famfo, kayan faci, hular kwano, da makulli mai ƙarfi. Hular ta zauna daidai a kai, gabanta kamar yatsu biyu sama da gira, maɗaurinta a ɗaure. Makullin igiyar waya ana datse shi cikin daƙiƙu. Nemi na ƙarfe mai siffar kofaton doki ko sarƙa mai kauri, ka haɗa jikin keken da tayar baya da wani ƙarfe kafaffe. Ka ɗauki hoton keken da lambar da aka buga a ƙarƙashinsa, wajen da fedoji suka haɗu.

Mataki na biyar: shiga titi

Ba zan ɓoye maka ba, titi yana da haɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur. Don haka wannan sashe ka karanta shi sau biyu.

Ka fara a fili ko titin da babu motoci. Abu uku za ka koya har su zama jiki: tsayawa da birki biyu tare ba tare da tayar baya ta ja ƙasa ba, waiwayawa baya keken bai karkace ba, da sakin hannu ɗaya don nuna inda za ka juya. Birkin gaba shi ya fi ƙarfin tsayarwa, amma idan ka damƙe shi shi kaɗai da ƙarfi zai iya wuntsilar da kai ta gaba. Ka matsa su a hankali, kana tura nauyinka baya.

Hanyar da kake bi da mota ba lallai ita ce hanyar keke ba. Sau da yawa akwai ƙananan tituna da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban titi, shiru, ba manyan motoci. Ƙarin minti 5 a irin wannan hanya riba ce. Ka fita neman ta da gangan a ranar hutu.

A kan titi ka bi hannun da motoci ke bi. Wasu na ganin fuskantar motoci ya fi aminci tunda suna ganin abin da ke zuwa, alhali direban da ke fitowa daga kwana ba ya duba wannan ɓangaren, kuma idan aka yi karo gudun biyun ne ke haɗuwa. Kada ka manne da bakin kwalta, inda yashi da fasassun kwalabe da ramuka suke taruwa. Ka bar kamar mita ɗaya, ka tafi a miƙe yadda na bayanka zai iya karanta nufinka. Haka nan ka bar mita ɗaya tsakaninka da motocin da aka ajiye a gefe, domin ƙofa kan buɗe ba sanarwa. A Holan ana koya wa direbobi buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, don jiki ya juya ido ya ga mai keke. Ba ko'ina ake koyar da haka ba, kai za ka kare kanka.

Babbar mota, tirela ce ko tifa ko bas, ita ce abin da ya fi cancantar tsoronka. Kada ka taɓa kutsawa tsakaninta da bakin titi a kusa da mahaɗa ko danja. Idan ta sha kwana, tayoyinta na baya suna yanko ciki fiye da na gaba, su rufe gurbin da kake, direban kuma bai ma san kana nan ba. Idan ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Ka tsaya a bayanta, ka bar ta ta tafi. Na taɓa ganin keken da aka ciro daga irin wannan wuri, tayar gaba ta naɗe kamar tabarma. Mai shi ya tsira ne don ya yi tsalle ya bar shi.

A mahaɗa ka nemi idon direba kafin ka gitta gabansa. Da magariba ka kunna fitila tun kafin duhu ya yi, ka sa tufa mai haske. Abin sauraren waƙa a kunne kuwa ka bar shi sai a bas.

Wani zai ce ai a Holan ne keke ke da daɗi, inda fiye da rubu'in tafiye-tafiye da shi ake yi. Gaskiya ne, sai dai su ma ba haka suka tashi suka gani ba. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunansu, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara, sannan aka fara gina hanyoyin keke da gaske. Duk mai keken da ya fito titi yau yana ƙara yawan waɗanda hukuma za ta ji muryarsu gobe.

Mataki na shida: kula da keke

Kafin kowace fita, daƙiƙa talatin: matsa tayoyi ka ji iska, matsa birki biyu, dubi sarƙa. Adadin iskar da taya ke so a rubuce yake a gefenta. Taya mai ƙarancin iska tana sa tuƙi nauyi, tana kuma saurin yin faci idan ka daki rami. Sarƙa tana son mai kaɗan duk bayan mako biyu ko bayan ruwan sama, ɗigo a kowace gaɓa, sannan a goge na sama da tsumma don kada ya tara ƙura.

Faci kuwa ka koya da hannunka a gida kafin ya same ka a hanya. Ka sace sauran iskar, ka ɓanɓare gefe ɗaya na taya, ka zaro tiyub. Ka ɗan buga masa iska ka saurara, ko ka nutsa shi a ruwa ka ga inda kumfa ke fita. Ka busar da wurin, ka goge shi da takarda mai kaushi, ka shafa sholisho siriri, sannan ka jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya ɗaye. Ka manna, ka danne sosai. Kafin ka mayar, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙusa ko ƙayar da ta jawo abin, in ba haka ba za ta sake huda shi nan take. Mafi sauƙi a hanya shi ne ka riƙa yawo da tiyub na ko-ta-kwana, ka canza, ka yi facin idan ka koma gida.

Mataki na bakwai: haɗa keke da bas

Idan babbar hanyar bas tana da nisan kilomita 2 ko 3 daga gidanka, keke ya mayar da ita tafiyar minti 10. Ka hau zuwa tasha, ka ɗaure, ka shiga bas. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht na Holan akwai ma'ajiyar keke mai ɗaukar 12,500, domin ta wannan hanya mutanen can suke tafiya. Inda babu ma'ajiya, ka zaɓi wuri mai jama'a da haske, kuma keken da za ka bari yini guda a waje kada ya zama mai ɗaukar ido. A birane da yawa na Amurka da Kanada bas tana da marataya a gaba mai ɗaukar keke biyu ko uku. Akwai kuma keke mai naɗewa, wanda ake shiga da shi kamar jaka. Ka tambayi ƙa'idar kamfanin kafin ka je da shi.

Mataki na takwas: kaya, yara da yanayi

Kaya su hau keke, kada su hau bayanka. Jakar goyo tana jiƙa riga da gumi, tana gajiyar da kafaɗa. Jakunkuna biyu da ake ratayawa a gefen kariya suna ɗaukar sayayyar kwana uku ko huɗu, mai nauyi a ƙasa, nauyin a raba shi daidai. Kada ka rataya leda a hannun keke, tana shiga taya. Sayayyar wata guda a fita ɗaya ɗabi'ar mota ce. Yanzu kaɗan-kaɗan za ka riƙa yi a hanyar dawowa, manyan kaya kuma a kawo maka ko ka ɗauki hayar abin hawa sau ɗaya.

Yaro ƙarami sai a kujerar da aka yi dominsa, mai maɗauri da abin kare ƙafa daga wayoyin taya, da hularsa, kuma sai bayan kai kanka ka ƙware. A bas ka ƙara minti 10 a kan lissafinka idan da yara.

Zafi ana maganinsa da fita da wuri, tuƙi a hankali, ruwan sha, da rigar canji a jaka. Ruwan sama kuma da rigar ruwa da leda ta naɗe waya da takardu. Ka tuna birki jiƙaƙƙe yana ɗaukar nisa kafin ya kama, fentin titi da murfin kwalbati na ƙarfe suna santsi, kududdufi kuma yana iya ɓoye rami. Ranar da hadari ya haɗu sosai ka bar keke a gida. Don irin wannan rana ka koyi bas.

Makon farko cinyoyi da mazaunai za su yi tsami, sannan su saki. Ka fara da kwana biyu a mako. Wanda ke yin minti 15 zuwa da 15 dawowa kwana biyar ya cika minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yi a mako, ba tare da ya ware wani lokaci dabam ba.

Mataki na tara: ranakun da mota ta zama dole

Ka koma ga waɗanda ka zagaye da biro. Kowanne ka rubuta masa mafita tun yanzu: tasi, motar haya ta yini, ko wani na kusa da za ku yi yarjejeniya ka riƙa zuba masa mai. Na gaggawa ya fi muhimmanci. Lambar motar asibiti, lambobin direbobi biyu da ka amince da su, da maƙwabcin da ka riga ka yi magana da shi, duk su kasance a wayarka da kuma a rubuce a inda kowa a gidan zai gani. Ka ware kuɗin wannan daga lissafin mataki na biyu, kada ka taɓa shi. Idan akwai mai ciki, ko tsoho, ko mai ciwon da ke tashi da dare a gidan, ka zauna da iyalinka ku tattauna sosai. Mai yiwuwa abin da ya dace da ku shi ne rage amfani da motar, ba rabuwa da ita ba, kuma wannan ba gazawa ba ce.

Za ka ji maganganu. Wani zai tambaye ka ko lafiya, wani ya ɗauka karayar arziki ce. Abin yana da ciwo a farko, ban raina shi ba. Amsa gajera cikin fara'a ta isa. Mark Rutte ya yi shekaru yana firaministan Holan yana zuwa ofis a kan keke, ba abin da ya ragu a jikinsa.

Mataki na goma: gwajin kwana 30

Yanzu ka ajiye motar a gida, ka sa makullin a aljihun tebur, ka yi kwana 30 kamar ba ka da ita. Duk ranar da ka ɗauko makullin, ka rubuta dalili a littafin nan. A ƙarshen wata ka karanta dalilan. Waɗanda suka ce "na makara" ko "na manta ban duba lokaci ba" shiri ne zai gyara su. Waɗanda suka ce "babu bas bayan ƙarfe tara" ko "asibiti da dare" su ne na gaske, ka ƙidaya su, ka lissafa abin da tasi za ta ci a kansu, ka gwada da abin da motar ke ci a wata. Idan sun yi yawa, ka riƙe motar don su kaɗai. Idan ba su wuce uku ko huɗu ba, ka sake wani watan a lokacin da yanayi ya fi tsanani a inda kake, damina ko tsananin zafi ko sanyi. In ka wuce wannan ma, ka tattara takardun motar, ka wanke ta, ka sa ta a kasuwa.